Kurakuran da Ke Buɗe wa 'Yan Damfara Ƙofar Asusun Banki a Karkara

Tun da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen shekarar 2022, aka kuma shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, mutane da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa suka buɗe asusu ala tilas, domin mai sayen hatsi ya daina zuwa da kuɗi a jaka, sai dai ya ce a ba shi lambar asusu. Asusun ya riga sanin yadda ake tsare shi isowa ƙauye, kuma wannan giɓin ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu a ciki. Da wuya ɗan damfara ya fasa banki. Mai asusun yake lallaɓawa, ta hanyar tsoro ko kwaɗayi ko kunya, har ya miƙa masa mabuɗin da hannunsa.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne karanta wa wanda ya kira a waya lambobin sirri. Waya za ta yi ƙara, a ji murya mai ladabi da Hausa tsantsa tana cewa, "Salamu alaikum Baba, daga bankinku nake kira. An samu matsala a BVN ɗinka, idan ba a gyara ba kafin la'asar za a rufe asusun." Zai ambaci cikakken sunan dattijon, hankalinsa ya kwanta. Daga nan sai ya nemi lambobin da ke gaban katin cirar kuɗi, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na bayansa, sannan ya ce, "Yanzu za a turo maka wasu lambobi, daure ka karanto mini su, Baba." Waɗannan na ƙarshe su ne OTP, wato lambar da banki ke aiko wa mai asusu domin ya tabbatar da cewa shi ne yake son fitar da kuɗi, kuma wanda ya karanta su tamkar ya sa hannu ne a kan takardar cire kuɗinsa.

Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirri ko OTP ko lambobin kati ta waya. BVN kuwa, wato lambar tantance mai asusu a bankuna, wadda aka ɓullo da ita a 2014, lamba 11 ce da mutum ke riƙe da ita har abada, ba ta tsufa balle a ce za a sabunta ta a waya. Sanin suna ma ba shaida ba ce, tunda duk wanda ya shigar da lambar asusun wani da niyyar tura kuɗi zai ga sunansa ya bayyana, ga kuma takardun neman tallafi da ake ta cikewa suna yawo hannu da hannu. Gyaran wannan kuskure bai wuce mutum ya kashe wayar ba, ko da mai kiran yana tsakiyar magana, sannan ya kira lambar da ke bayan katinsa ko ya je reshen banki da ƙafarsa. Wasu dattawa na ganin rashin ladabi ne a katse wa mutum magana, kuma ɗan damfara ya san da wannan tarbiyya, da ita ma yake aiki.

Sai kuma abin da ke faruwa a rumfar mai POS, wadda a garuruwa da dama ita ce bankin, tunda reshe mafi kusa yana iya kasancewa sai an je Haɗeja ko Gumel ko Bichi. Sau da yawa za a ga magidanci ya miƙa kati, ya faɗi lambar sirrinsa da babbar murya a gaban jama'a, ya ce a danna masa. Akasarin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, amma ba su kaɗai ke jin lambar ba, kuma akwai masu fakewa da taimako su musanya wa mutum kati da wani mataccen kati mai kama da nasa. Ya kamata mai kati ya dubi adadin da aka rubuta a na'ura kafin komai, ya danna lambarsa da kansa yana kare ta da ɗaya hannun, ya karɓi rasit, ya kuma duba cewa katin da aka dawo masa da shi nasa ne. Wanda bai iya karatun boko ba ya tsayar da amintacce guda ɗaya daga cikin iyalinsa, ya daina aiken duk yaron da ya samu a ƙofar gida. A kuma daina naɗe kati da takardar da aka rubuta lambar sirri a jiki, a guji 1234 da shekarar haihuwa.

Ga masu saye da sayarwa kuwa, babbar musiba ita ce alat na bogi, wato saƙon shigar kuɗi na ƙarya. A karar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ko a Dawanau lokacin kakar riɗi da zoɓo, ciniki kan faɗa da yamma lokacin da kowa ke hanzarin tafiya gida. Mai saye zai juyo fuskar wayarsa ya ce, "Alhaji, ga shi nan ya tafi, matsalar sabis ce kawai," direba kuma yana ta danna ham, an riga an fara loda kaya. Wani lokaci har saƙo zai shigo wayar mai kaya ɗauke da sunan bankinsa, alhali ƙirƙirarsa aka yi. Hoton rasit a wayar wani ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne. Abin dogaro shi ne mai kaya ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa, ta manhajar banki ko ta lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya, ya ga adadin ya ƙaru, kafin a kwance igiyar sa ko a ɗaga buhu. A ganina dillalai ne suka fi dacewa su mayar da wannan ƙa'idar kasuwa, domin idan kowa ya san haka ake yi, babu mai sayen da zai ce an zarge shi, kunyar da ke hana mai kaya cewa a dakata ta kau. Haka nan wanda ya kira yana magiya wai ya yi kuskuren turo kuɗi a mayar masa, a duba asusu tukuna, idan ma kuɗin sun shigo a bar banki ya mayar da su ta hanyarsa.

Mutane kan yi jimamin wayar da aka sace, su manta cewa layin da ke cikinta ya fi ta tsada. Ɓarawo na iya sa layin a wata waya, ya danna *565*0# ya ga BVN, ya karanta tsofaffin saƙonnin banki, kuma duk OTP da za a aiko hannunsa za ta faɗa. Jiran sai kasuwa ta zagayo kafin a je a dawo da layi ganganci ne. Bankuna suna da lambar rufe asusu da za a iya dannawa daga wayar wani, ya kamata mutum ya tambayi bankinsa ita tun kafin buƙata ta taso, ya kuma sa wa layinsa lambar kulle. Layin da aka yi watsi da shi tsawon lokaci kamfanin waya na iya sayar wa wani, saboda haka wanda ya sauya lamba ya je banki a sauya masa ita a asusunsa.

Akwai kuma kwaɗayin riba ta dare ɗaya. Daga cikin tsare-tsaren zuba kuɗi na bogi, MMM ta daskarar da kuɗin 'yan Najeriya a Disambar 2016, CBEX da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 ta rushe a Afrilun 2025, kuma salon bai sauya ba: kuɗin waɗanda suka shigo daga baya ake biyan na farko da su, su kuma na farkon su zama masu tallata abin ba tare da sun san suna jan 'yan'uwansu rami ba. Shi ya sa irin wannan damfara ba ta zuwa da baƙuwar fuska, ta bakin ƙani ko suruki ko abokin majalisa take shigowa, da shaidar cewa shi an biya shi. Manomin da ya san watannin da yake yi yana kiwon rago kafin ya ga riba, ya isa ya tambayi wace sana'a ce ke ninka jari a wata guda. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Masu harkar zuba jari hukumar SEC ce ke yi musu rajista, ajiyar banki mai lasisi kuma hukumar NDIC ke ba ta inshora, wanda a 2024 aka ɗaga shi zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Kuɗin da aka zuba a inda ba ya ƙarƙashin SEC ko NDIC ba su da mai tsaya musu.

Saƙonnin WhatsApp na rabon taki ko tallafi ko aikin gwamnati da ke neman kuɗin rajista, duk hanya ɗaya suke bi. Kuɗin kujerar Hajji ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ko kamfani mai lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ake biya, ba asusun wani mutum ba. Matasa kuma su daina ba da aron asusunsu don ɗan abin da za a sammusu, domin idan aka bi sawun kuɗin sata, mai BVN za a fara kamawa.

Kuskure na bayan aukuwar abu shi ne yin shiru. Magidanci kan ɓoye don kada a ce an yi masa wayo, ya kwana biyu yana juyayi, alhali a sa'o'in farko ne banki ke da damar neman a riƙe kuɗin a asusun da suka faɗa kafin a rarraba su. A sanar da banki nan take a rufe kati da asusu, a rubuta ƙorafi a karɓi lambar shaidarsa, a adana saƙonni da lambar da aka kira da ita. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana iya kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, sannan ga 'yan sanda da hukumar EFCC mai ofishi a Kano. A yi hattara da wanda zai kira daga baya ya ce shi jami'i ne, zai dawo da kuɗin idan aka biya wani abu, domin sau da yawa mutanen farko ne suka sake dawowa. Yana da kyau kuma a gaya wa mai unguwa ko liman ya faɗakar bayan sallah ba tare da ambaton suna ba, saboda lambar da ta kira gida ɗaya yawanci tana da lambobin maƙwabta a jerinta.