Kurakuran da aka fi yi game da matan sarakunan Habasha

Duk shekara ɗalibaina sukan kawo mini rubutu kan masarautar Habasha, kuma duk shekara kurakuran bara ne ke dawowa da sabon hannu. Bari in zube su nan, ko jan birona ya huta.

Babbansu, wanda ni ma ya taɓa ba ni kunya, shi ne mayar da Zewditu matar sarki. 'Yar Menelik na Biyu ce, kuma ita da kanta ta zauna a gadon sarauta daga 1916 zuwa 1930. Daga bakinmu matsalar take: wadda ta yi mulki mu ce sarauniya, matar sarki ma mu ce sarauniya. Habashawa sun raba. Matar sarki da aka naɗa ita ce Itege, Zewditu kuwa Nigiste Negestat, wato sarauniyar sarakuna. Mijinta Ras Gugsa Welle bai taɓa zama sarki ba.

Ina sabon malami aka ba ni shirya tambayoyin kacici-kacici, na rubuta cewa Zewditu ce uwargidan Menelik. Wata yarinya 'yar aji uku ta ce Taytu, na kaɗa ƙararrawa na ce ta faɗi. Washegari mahaifinta ya zo da littafi a hammata, ya buɗe shi a gaban shugaban makaranta, ya ɗora yatsa a kan layin, bai ce uffan ba. Kofin da aka riga aka miƙa wa wani aji sai da aka karɓo shi. Tun daga ranar, kafin in rubuta sunan kowace mace a gidan nan, sai na zana a gefen takarda: wa ya haife ta, wa ta aura, wa ta haifa.

Sai masu rubuta Taytu Betul a layi ɗaya, wai "ta kasance mai tallafa wa mijinta". Haba jama'a! Matar da ta raɗa wa Addis Ababa suna? Matar da ta ba da shawarar a tare wa sojojin Italiya ruwan sha a Mekele, sannan ta je Adwa a 1896 da dakarunta? Wannan lalaci ne, kuma ina rage maki a kansa. Haka ake yi wa Mentewab, matar Bakaffa, wadda ta riƙe mulki a Gondar daga 1730 saboda ɗanta Iyasu na Biyu yana ƙarami.

Menen biyu ce. Menen Asfaw ita ce matar Haile Selassie, an naɗa su tare a 1930, ta rasu a 1962. Menen Liben Amede ta ƙarni na 19 ce, jikarta Tewabech ce Tewodros na Biyu ya aura.

Taytu ba ita ta haifi Zewditu ba, matar ubanta ce.

Kada a rubuta "Menen Selassie". Matan Habasha ba sa ɗaukar sunan miji, sunan na biyu na uba ne.

In kuma ka ga an ce yaƙin Adwa a 1888 aka yi, kada ka yi saurin gyarawa. Kalandar Habasha ce, tana bayan ta Turawa da shekara 7 ko 8.