Yadda za ka shiga kwamfutarka ta gida daga waya

Jama'a, ku daina biyan kuɗin Keke daga Tudun Wada zuwa Pantami don kawai kun manta fayil a laptop. Ku sa Chrome Remote Desktop, kyauta ne.

A kwamfutar ka buɗe remotedesktop.google.com/access, ka shiga da Gmail ɗinka, ka zaɓi PIN mai lamba 6 ko fiye. Sai ka sauke manhajar a waya da wannan Gmail ɗin dai. Allon kwamfutar zai fito a wayarka, kana jan yatsa linzami na motsi a can gida, sai ka tura wa kanka fayil ɗin ta imel, kuma ba ruwanka da saitin rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) tunda Google ne ke haɗa wayar da kwamfutar.

Amma fa dole kwamfutar ta kasance a kunne da intanet. Ka hana ta barci a saitin wuta, in laptop ce ka saita kada rufe murfi ya kashe ta. In aka ɗauke wuta MiFi ya mutu, sai haƙuri, shi ya sa nawa kullum yana jone da power bank. Chrome Remote Desktop ɗin yana shan data sosai, kar ka kalli bidiyo ta ciki. PIN ɗin kuwa kar ka ba kowa.