Yadda ɗan ƙwallo mai tasowa zai ci abinci ya daina sarewa a fili

Wallahi duk yamma in na leƙa filin unguwarmu sai in ga yara 'yan shekara 14 zuwa 17 suna ta zabga gudu, amma da an dawo hutun rabin lokaci sai ka ga yaro ya riƙe ƙugu yana haki, ka tambaye shi me ya ci yau ya ce maka shayi da biredi tun safe. To ƙanena ba tirenin ne ya yi maka kaɗan ba, yunwa ce.

Fara da gyara lokaci. In wasa ƙarfe 4 da rabi ne bayan la'asar, ka ci na rana wajen ƙarfe 1, ka ba shi awa 3 ya faɗa. Shinkafa da wake, dankali, taliya, ɗanwake, tuwo ma ba laifi in dai ba cika ciki za ka yi dam ba, su ne fetur ɗin da ƙafarka za ta ƙona. Mai dai a rage shi don soye-soye na daɗewa a ciki. In saura awa ɗaya ka ji cikinka na ƙugi, ayaba ɗaya ko dabino 3 sun isa.

Ruwa kuma kar ka jira sai ƙishi ya ciyo ka, balle a watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40. Tun safe ka riƙa kurɓa, ka tafi fili da fiya wata ko leda 2 ne, sannan ka duba fitsarinka, in ya yi duhu kamar shayi to jikinka na bin ka bashin ruwa.

Inda yawanci ake kwafsawa shi ne bayan an tashi, a zauna ana musun Barcelona da Madrid har isha'i ba a sa komai a baki ba, alhali a lokacin ne tsoka ke neman abin gyara kanta. Cikin awa ɗaya zuwa biyu ka samu furotin, wato abincin gina jiki, haɗe da abin hatsi, fura da kindirmo ma kaɗai ta yi. Yaro mai kilo 55 da ke tirenin kullum na buƙatar wajen giram 80 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, kenan sai an haɗa da awara, wake, kifi, ƙuli-ƙuli, a raba sau 3 ko 4. Garin furotin na gwangwanin nan mai tsada da 'yan jim ke sha ni dai ban ga dalilin da ɗan sakandare zai matsa wa babansa a kai ba.

Lemon enaji bar shi, sinadarin kafeyin da sukari ne, ya sa zuciya bugawa ya hana ka barci, kai da ke buƙatar awa 8 zuwa 10. Tiramol kuwa ko kusa, ban da kama mutum da yake yi, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Ke kuma ƙanwata mai ƙwallo ko tsere, al'ada na rage miki sinadarin ayon mai ƙara jini, ƙarancinsa ke kawo jiri da kasala. Ki dage da hanta, zogale da alayyahu, ki bi da lemon zaƙi, shayin ki ɗaga shi sai bayan awa ɗaya da cin abinci don yana hana jiki zuƙar ayon ɗin.

Da azumi a roƙi koci ya mayar da tirenin mai nauyi bayan shan ruwa, sahur kuma kar a tsallake shi don barci.