Inda ɗaliban sakandare ke tuntuɓe a darasin gangarar layi

Malamin lissafi da ke koyar da 'yan SS2 ko SS3 a unguwannin Legas kamar Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san halin da ake ciki: yaro zai rera maka ƙa'idar gangarar layi da ka, wato giradiyan, ba gargada, amma ka ba shi ɗigo biyu ya fitar da amsa sai ya shiga daji. Yawanci ba rashin kai ba ne. Ya haddace (y2 − y1)/(x2 − x1) ne ba tare da an taɓa nuna masa cewa tambaya ɗaya ake yi ba: idan ka yi taku ɗaya zuwa dama, nawa layin ya hau, ko nawa ya sauka?

Wanda bai riƙe wannan ba shi ne ke kifa lissafin. Ka ba shi (1, 2) da (4, 8), ya ɗora bambancin x a sama, ya samu 1/2 maimakon 2. Maimaita ƙa'idar ba ta warkar da wannan. A sa shi ya zana ɗigon biyu a takardar giraf, ya bi da yatsa: taku uku zuwa dama, hawa shida. Kowane taku ɗaya, hawa biyu ke nan. Akwai kuma mai farawa da ɗigo na biyu a sama, ya koma ɗigo na farko a ƙasa, ya rubuta (8 − 2)/(1 − 4), amsa ta fito −2. Ka tambaye shi: layin nan hawa yake ko sauka? Da ya duba zanensa zai gane da kansa cewa layi mai hawa ba ya ɗaukar alamar ragi.

Alamar ragin nan kuwa ta cinye makin yara ba adadi. Ɗauki (−2, 5) da (3, −5). Sama −10 ne. A ƙasa ya kamata a ga 3 − (−2), wato 5, amsa ta zama −2. Mai gaggawa sai ya rubuta 3 − 2, ya tashi da −10. Ni dai ba na karɓar aikin da aka tsallake wannan layi, sai na ga an rubuta shi a buɗe, ko da yaro zai ce ai ya yi a ka.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen gane layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Misalin da ke gaban 'yan Agege kullum shi ne layin dogo na Legas zuwa Ibadan, wanda tazarar ƙarafunansa biyu milimita 1,435 ce, ba ƙari ba ragi. A kan takarda, sharaɗin shi ne gangararsu ta zo ɗaya. To amma an koya wa yaro cewa a y = mx + c, abin da ke manne da x shi ne gangara, sai ya ga 2y = 6x + 4 ya cafke 6. Bai lura y ba ta tsaya ita kaɗai ba. Sai an raba ko'ina da 2 a samu y = 3x + 2, gangara 3, don haka layin ba zai taɓa haɗuwa da y = 3x − 1 ba. Haka 3x + y = 7: gangararsa −3 ce, ba 3 ba. Kafin ɗalibi ya ambaci m, ya fara kaɗaita y tukuna.

Ga irin tambayar da ake yawan gamuwa da ita a WAEC da NECO: nemo layin da ya bi ta (3, 1) kuma yake jere da 2x + 3y = 6. Gangara −2/3 ce, a sa a y − 1 = −2/3(x − 3), a share, a samu 2x + 3y = 9. Dubi yadda hagun bai canza ba, lambar dama ce kawai ta motsa. Ɗalibi mai ido zai iya gwada amsarsa cikin daƙiƙa kaɗan: ya zuba 3 da 1, shida da uku tara.

Da an shigo da layukan da suka gitta juna a kusurwa mai digiri 90, sai a fara cakuɗa su da na baya. A nan idan aka ninka gangara biyun dole a samu −1, saboda haka abokin 2 shi ne −1/2. Wani ya juya lambar ya manta alama, wani ya sauya alama ya manta juyawa. A ce ya ninka ya gani.

Layi kwantacce kamar y = 4 gangararsa sifiri ce. Miƙaƙƙe a tsaye kamar x = 4 ba shi da gangarar da za a rubuta, domin ba a rabawa da sifiri. Yara na haɗa su wuri guda su ce "babu".

Sai batun ma'aunin giraf, wanda malamai da kansu kan yi sakaci da shi. Idan tambaya ta ce santimita 2 na wakiltar 1 a layin x, amma tana wakiltar 5 a layin y, mai ƙirga gidajen takarda zai samu amsar da ta gaza ta gaskiya sau biyar. A karanta lambobin da ke jikin layukan biyu, kuma a zaɓi ɗigo biyu masu nisa da juna, don kaurin bakin fensir kada ya karkatar da amsa.