Idan manhajarku tana wayar gari da kuskure

Jama'a, ga abin da ya wahalar da ni kwanakin baya. Kullum da safe, buƙatar farko sai ta faɗi da saƙon "MySQL server has gone away". Ashe MySQL, wato rumbun adana bayanan da manhajar ke haɗawa da shi, a saitinsa na asali yana yanke duk haɗin da ya yi zaman banza na awa 8, manhajar kuwa ba ta sani ba sai ta aika tambaya.

In da SQLAlchemy (kayan aikin Python na magana da rumbun bayanai) kuke aiki, ku sa pool_pre_ping=True. Kafin SQLAlchemy ya miƙo haɗi daga cikin waɗanda ya ajiye, zai ɗan taɓa shi ya ji ko yana da rai. In ya mutu, ya buɗe sabo. Ni har pool_recycle nake sawa, daƙiƙa 3600, don a sauya duk haɗin da ya wuce wannan lokaci da buɗewa. Amma fa in haɗin ya yanke ana tsakiyar aiki, wannan ba zai cece ku ba, sai kun sake aikawa da kanku.