Yadda ake tara tsofaffin fostocin finafinan waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Nazi

Masu yawan tambaya, ga matakan.

1. Fara da fim ɗaya, misali The Pawnbroker, labarin wani da ya tsira daga kisan, wanda ya shiga sinimomin Amurka a 1965.
2. Auna fostar. Wadda aka fi amfani da ita a Amurka a wancan zamanin inci 27 ce da 41.
3. Nemi layin ninki, domin a wancan lokacin a ninke ake aika su sinima.

Hattara: in ka gan ta sumul, fes, ba ninki, galibi sabon bugu ce. Nan ake cutar mutane.

4. Karanta lambar da ke ƙasa. Harafin R kafin shekara na nufin an sake haska fim ɗin ne daga baya.
5. Shimfiɗa ta nesa da rana da laima. Kada salatif ya taɓa ta.