Yadda za ka fara kaɗa jitar bas irin ta 'yan post-punk ko da kayanka na gwanjo ne

Wani ƙanena a Agege ya ishe ni da tambaya, wai yaya, wace irin bas ce wannan da nake ji a wayarka, ba ta tsaya a baya tana gurnani ba, ita ce ma ke jan waƙar gaba ɗaya. To ƙanena ga amsarka, da duk mai sha'awa.

Ka fara sanin mutumin da ya fito da wannan salon tukuna. Peter Hook ɗan Salford ne kusa da Manchester a Ingila, haifaffen 1956. A watan Yunin 1976 ya je kallon ƙungiyar kiɗan punk ta Sex Pistols shi da abokinsa Bernard Sumner, washegari ya ranci fam 35 a wajen mahaifiyarsa ya sayo bas alhali bai iya komai ba, daga nan suka kafa ƙungiyar da ta zama Joy Division, ɗaya daga cikin manyan 'yan post-punk, wato salon kiɗan rock da ya biyo bayan punk. Abin da nake so ka riƙe shi ne sifikarsa ta banza ce, in ya kaɗa ƙasa-ƙasa ba ya jin kansa saboda ƙarar jitar Sumner, sai ya koma can saman wuyan jitar inda sautin ke da kaifi, mawaƙinsu Ian Curtis ya ji ya ce ya ci gaba da hakan. Wallahi rashin kayan kirki ne ya haifi salon da duniya ke kwaikwayo har yau, saboda haka kar ka ce sai ka tara kuɗin bas mai tsada irin ta kamfanin Fender.

Ka shiga kasuwar Alaba a Ojo ka nemi tokunbo mai tsirkiya huɗu. Kar fenti ya ruɗe ka. Ɗaga ta ka kalli wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba sanda, in ya murɗe ajiye ta ko nawa aka rage maka. Sa su jona ta da amfilifaya a gabanka, ka jujjuya maɓallan ka ji ko tana ƙarar ƙas-ƙas, sannan ka danna kowane gurbi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke jere a wuyan, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, musamman daga na 12 zuwa sama don nan ne gidanka. Ni ta farko da na saya ban yi haka ba, na kai ta ɗaki sai na tarar gurbi uku a sama duk zizar ƙarfe suke yi, na koma shagon mutumin ya ce ai na gwada kafin na biya. Har yau abin na min ciwo.

Saita tsirkiyoyin da manhajar waya, E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. Yanzu ga asirin. Ka bar D a sake ba ka danna ta ba, ka riƙa bugunta tare da G, yatsunka na hagu kuma suna yawo a kan G kaɗai, gurbi na 7, 9, 11, 12, 14. Ɗaya na riƙe da amo guda ba ta motsi, ɗayar na rera waƙa a kanta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ko garaya ya san wannan, kunnenmu ya saba da shi tun muna yara, shi ya sa nake ganin Bahaushe zai riga kowa kama salon nan. Yi amfani da ɗan robar kaɗawa mai kauri, kana bugawa zuwa ƙasa kaɗai, bugu takwas a kowane zagaye na ƙirga huɗu, kar ka yi gaggawa. Samu jimla ɗaya gajeriya ka maimaita ta minti goma ba tare da ka ƙara mata ado ba, da wuya fa, hannu zai yi ta ƙaiƙayin ƙari amma ka daure.

In salon sama bai kwanta maka ba akwai hanyar Jah Wobble, mai bas na ƙungiyar Public Image Ltd, shi daga kiɗan dub na Jamaika, wani reshen reggae, ya ɗauko nasa, yatsa yake sawa, sauti mai nauyi da za ka ji a ƙirji. Kuma mu da ke Legas ba mu da uzuri, 'yan ƙungiyar Talking Heads ta Amurka da Tina Weymouth ta kaɗa wa bas sun sha kiɗan Fela sosai kafin faifansu na 1980, kai kuwa mota ɗaya ko biyu za ta kai ka New Afrika Shrine, gidan kiɗan iyalan Fela a Ikeja, je ka tsaya ka zuba wa hannun mai bas ido kawai.

Danshin garin nan na cin tsirkiya, goge su da busasshen tsumma duk ka gama, kar ka jingina jitar da bango mai sanyi lokacin damina. Ka nemi ƙaramin amfilifaya mai batir da ake jona abin kunne, ba ruwanka da NEPA, maƙwabta ma ba za su yi ƙorafi ba in kana atisaye bayan isha'i.

Sai maganar abinci. Wobble da duk sunansa sai da ya koma aiki a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a Landan a shekarun 1980 kafin ya dawo kiɗa. Hook kuma bayan rasuwar Curtis a 1980 shi da su Sumner sun kafa ƙungiyar New Order, ya bar su a 2007, rigimar kuɗi ta kai su kotu sai 2017 aka sasanta, abokan ƙuruciya fa. Don haka kar ka saki sana'arka tukuna, kuma ranar da ku ka fara haɗa waƙa da abokanka, kafin ku shiga sutudiyo ku zauna ku rubuta kason kowa a takarda, kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa.